Tambaya da Amsa: Ina Tsofaffin Igogin Yaƙi Suke a Yau?

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan igwa suka zo, wato babbar bindigar yaƙi da sojan yanzu ke kira atilare. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, mun kuma rage tsawon wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a sakandare. Kowace shekara ina gaya wa yara cewa da igwa Turawa suka ci Kano, alhali ni kaina ban taɓa ganinta ido da ido ba. A ina za mu ga irin waɗannan bindigogi a Najeriya, kuma me ya sa ba a cika ganinsu a Arewa ba?
Malamin tarihi, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da na kusa. Kaduna garin soja ne, kuma al'adar soja ce idan igwa ta gama aiki a cire mata kayan harbi, a yi mata fenti, a girke ta a ƙofar bariki ko a gefen filin fareti. Makarantar horar da sojojin atilare ma a Kachia take, cikin jihar nan. Abin da za ka yi shi ne shugaban makarantarku ya rubuta wa kwamandan wurin takarda da wuri, ya faɗi yawan yara da ranar da kuke so. Ka ja wa yaran kunne kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto a ƙofar bariki sai an ba da izini. Sai dai ka sani, igogin bariki na ƙarni na 20 ne: masu tayar roba, ana ɗura su ta baya, irin ta Ingila mai faɗin baki milimita 87.6 da aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, ko 'yar Italiya mai milimita 105.

Waɗanda Kanar Morland ya zo da su Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, guda huɗu ne, masu milimita 75, tare da bindigogin Maxim masu ruwan harsashi guda huɗu. Ƙanana ne, ana kwance su gunduwa-gunduwa 'yan dako su ɗauka a ka. Yana da kyau yara su san cewa ganuwar ba ta faɗi ba. Ƙasa mai kauri haɗiye harsashi take yi, shi ya sa aka juya bakin igwa kan ƙofa, aka shiga ta wajen Kabuga.

Idan kuna da kuɗin mota, Lokoja ce mafi sauƙi: a wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya an girke manyan bindigogi a fili, ba shinge tsakaninku da su, ga kuma sauran kufan zamanin Lugga a garin. Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985, shi ya tara kayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da waɗanda 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu. Tsofaffin igogi na ainihi kuwa, masu ɗuri ta baki, sai bakin teku. Suna nan a Badagry, ragowar cinikin bayi. A Koko, jihar Delta, akwai gidan tarihin Nana Olomu, attajirin Itsekiri wanda da Ingilishi suka ci garinsa Ebrohimi a 1894 suka ƙirga igogi 106 a hannunsa. Mutum ɗaya ke nan.

Dalilin ƙarancinsu a Arewa nauyi ne. Igwa ta jirgin ruwa take zuwa. Matsakaiciyar ta ƙarfe takan kai kilo 800, raƙumi kuwa da kyar ya haye Sahara da kilo 200. Ga shi yaƙinmu na doki ne da baka da mashi, ba a jiran abin da sai an ja shi da shanu. Duk da haka ba a rasa ba. A Kukawa, a 1823, wani kafinta Bature mai suna Hillman da ya zo tare da matafiyan Ingila Denham da Clapperton ya yi wa igogin tagulla biyu na Shehu al-Kanemi amalanke, aka kuma harba su a kan Bagarmi a Ngala a 1824. Lamiɗo Zubairu ya tari Turawa a Yola a 1901 da igogi biyu da Bafaranshe Mizon ya ba shi. Rabeh ya ƙwace uku daga hannun Faransawa a Togbao a 1899, suka karɓe abinsu a Kusuri a 1900, ranar da aka kashe shi.

Tambaya: Wace igwa ce mafi girma da ta rage a duniya? Kuma gaskiya ne Musulmi sun taɓa fin Turawa ƙera ta?
Ɗaliba, Unguwar Rimi

Amsa: Malama, a faɗin baki dai cikin tsofaffi ana ba wadda ke fadar Kremlin a Mosko: an zuba ta a 1586, nauyinta ya kusa tan 40, bakinta santimita 89, babban mutum zai iya rarrafawa ciki. A Indiya akwai Malik-i-Maidan a Bijapur, zubin 1549, mai tan 55, da Jaivana a ganuwar Jaigarh, ta 1720. Zamzama tana gaban gidan tarihin Lahore a Pakistan.

Game da tambayarki ta biyu, a ƙarni na 15 Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana sahun gaba, babu musu. Manyan igogin tagulla ne suka rusa ganuwar Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1453. 'Yar'uwarsu da ta rage ita ce wadda Munir Ali ya zuba a 1464, mai tan 16.8. Abin mamakinta shi ne gida biyu ce, ana murɗa ɗaya cikin ɗaya kamar noti da kusa, don a iya raba ta a ɗauka. Ki tuna babu injin sassaƙa ƙarfe a lokacin, a zubi aka fitar da zaren murɗin. Bayan shekara fiye da 340, a 1807, igogi irinta da ke gadin mashigin tekun Dardanel a Turkiyya sun harbi jiragen Ingila da duwatsu sun yi musu ɓarna. Sarkin Turkiyya Abdul'aziz ya ba Sarauniya Biktoriya ita kyauta a 1866, yanzu tana Fort Nelson kusa da Portsmouth. Wadda ta je Istanbul kuwa ta nemi gidan tarihin soja na Harbiye, farfajiyarsa cike take da su.

A Afirka, wadda labarinta ya fi taɓa zuciya ita ce Baba Marzuƙ ta Aljeriya, zubin 1542, tsawon mita 7, tan 12. Ta yi kusan shekara 300 tana gadin tashar jirgin ruwan Aljas. Da Faransa ta ci garin a 1830 ta kwashe ta zuwa Brest, aka kafa ta a tsaye kamar ginshiƙi, aka ɗora mata zakaran Faransa a ka. Aljeriyawa sun sha neman a mayar musu da ita, kuma a ganinmu da gaskiyarsu. A Habasha, Sarki Tewodros ya sa aka zuba masa Sebastopol mai kusan tan 7, mutane suka ja ta zuwa dutsen Magdala a 1868, kwaikwayonta ne ake gani a dandalin Tewodros a Addis Ababa. Igogin jirgin yaƙin Jamus Königsberg, da aka nutsar a bakin kogin Rufiji a 1915, an ciro goma an ci gaba da yaƙi da su a tudu. Ɗaya tana gaban Fort Jesus a Mombasa, ɗaya a Pretoria, ɗaya a Jinja ta Uganda. Kusa da mu kuma, ganuwar Elmina da ta Cape Coast a Ghana da tsibirin Gore na Senegal har gobe bakin igoginsu yana kallon teku.

Tambaya: Akwai wata ƙaramar igwa kwance a zauren gidan sarautarmu, tsawonta kamar mita ɗaya da rabi, duk ta yi tsatsa. Dattawa sun ce tun kakanni take nan. Ta yaya za mu san shekarunta da inda ta fito? Matasa kuma suna so a harba ta ranar hawan salla.
Magatakardan wani hakimi, Jihar Kaduna

Amsa: Ranka ya daɗe, kafin maganar shekaru a fara tabbatar da cewa ba a ɗure take ba. A samu gora ko sanda doguwa, ta itace kawai, don ƙarfe yana iya tartsatsi. Mutum ya tsaya a gefe, kada ya tsaya gaban baki, ya zura sandar a hankali har ta tsaya, ya yi alama daidai baki. A zaro ta a shimfiɗa a bayan igwar daga baki zuwa baya. Can kusa da gindi akwai 'yar kafa a sama wadda ake sa wuta. Idan kan sandar ya kai wannan kafa, cikin fayau yake. Idan ya gaza da kamar faɗin tafin hannu ko fiye, akwai abu a ciki. Yana iya zama ƙasa ko gidan zanzaro, yana iya zama albarushi da harsashi. Kada a zungura, kada a haska da ashana, a kira 'yan sanda masu kwance bam. Tsohon albarushi ba ya mutuwa idan bai jiƙe ba. A Janairun 2013 masu gyara a Central Park na New York sun tarar da igwar wani jirgin Ingila da ya nutse a 1780 ɗure da albarushi da harsashinta.

Bayan nan sai a kawo mayen ƙarfe. Idan ya kama, ƙarfe ce. Idan bai kama ba kuma launinta kore-kore ne, tagulla ce, ta fi daraja, ta fi kuma jan hankalin ɓarayi. A leƙa ciki da tocila: idan sumul yake, ɗuri ta baki ce kuma galibi ta girmi 1860. Idan akwai layuka da suka murɗa kamar igiya, daga shekarun 1850 zuwa sama ne. A auna faɗin ramin da tef. Ingilishi da nauyin harsashi suke kiran igwa: santimita 7.4 mai laba uku ce, 8.1 mai laba huɗu, 9.3 mai laba shida, 10.7 mai laba tara, 11.7 mai laba goma sha biyu.

Rubutu kuwa wurare uku ake nemansa: a bayanta tsakanin kafar wuta da tsakiya, a kan kututture biyun nan na gefe da take zama a kansu, da kuma gindi. Kada a kankare. A goge ƙura da burushi, a zo da dare a haska tocila daga gefe, kusan a kwance, inuwa za ta fito da abin da ido bai gani da rana. Kambi da haruffan GR na sarakunan Ingila masu suna George ne. Idan akwai 2 a jiki 1727 zuwa 1760 ke nan, idan 3 ne 1760 zuwa 1820. VR na Biktoriya ne, 1837 zuwa 1901. Alama kamar sawun kaza shaidar kayan gwamnatin Ingila ce. VOC kamfanin Holan ne. A kan kututturen gefe maƙera ke sa sunansu, kamar Carron na Sikotilan. Lambobi uku da aka raba da ɗigo ko layi nauyinta ne: na farko a ninka da kilo 50.8, na biyu da 12.7, na uku da 0.454. Misali 17-2-10 ya kama kilo 894. Idan babu ko alama, kada a karaya. Yawancin waɗanda aka kawo bakin tekun Afirka ta Yamma na 'yan kasuwa ne, ba tambarin sarki. A nan labarin dattawa ya fi rubutu amfani, a naɗe shi da waya tun suna raye: wa ya kawo ta, zamanin wane sarki, ganima ce ko kyauta.

Maganar harbi kuwa, Allah ya ba ka nasara, a hana. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi kamar tukunyar ƙasa, ya watsa gutsattsari ko'ina. Tsatsa tana cinye ƙarfen daga ciki ta bar abin da ido ke gani lafiyayye alhali ya zama kamar gawayi. Mafi muni shi ne a zuba garin harsashin zamani, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da aka yi igwar dominsa. Mons Meg ta Edinburgh mai tan 6 a harbin gaisuwa ta tsage a 1680. A 1844 sabuwar igwa fil ta fashe a jirgin Princeton na Amurka wajen nuna ta ga baƙi, ta kashe mutum shida, har da ministan harkokin waje da na sojan ruwa. Balle wadda ta shekara ɗari a ƙasa, a tsakiyar taron salla, ga dawaki ga yara. Ko igwar shan ruwa da ake bugawa a Alƙahira da azumi ba a hannun kowa take ba, jami'ai ne horarru ke bugawa. A bar wa 'yan bindiga aikinsu.

Tambaya: An ba ni kwangilar yi wa wata tsohuwar igwa fenti a harabar wata ma'aikata. Na yi niyyar in goge ta da injin gurza ƙarfe, in shafa baƙin mai, in kafa ta da siminti. Akwai gyara?
Mai fenti, Kakuri

Amsa: Akwai, Malam, duka ukun a bari. Injin gurza zai share rubutun da shi ne tarihin igwar, kuma ba ya dawowa. Baƙin mai yana kama ƙurar hunturu ya zama laka mai riƙe danshi. Siminti kuwa yana tsagewa daidai inda ya haɗu da ƙarfe, ruwa ya kwanta a tsagar, nan tsatsa ta fi ci, bayan 'yan shekaru sai a ga wurin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon itace.

Ruwa ne babban abokin gabar igwa, kuma a Kaduna daga Afrilu zuwa Oktoba ba ya ɗagawa. Don haka aikin na Nuwamba ne, bayan ɗaukewar ruwa, a ranar da ba ƙura sosai, da hantsi bayan raɓa ta bushe kafin ƙarfe ya yi zafi. Ka ɗauki hotonta ta kowane gefe tukuna. Bayan an tabbatar ba a ɗure take ba kamar yadda muka bayyana a sama, ka kwashe duwatsu da leda da gidan zanzaro da ke ciki, ka bar ramin ya bushe kwana biyu ko uku. Tsatsar waje da burushin waya na hannu za ka cire, mai ɓarewa kawai, ba sai ƙarfe ya yi ƙyalli ba.

Daga nan sai sinadarin tanin, dangin abin da ke cikin bagaruwa da majema ke jima da shi. Ka sayi tsantsarsa wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje, don ruwan bagaruwa ba a sanin ƙarfinsa. Giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a shafa siriri da burushi mai tauri, a bari ya bushe, a goge, a sake, sau uku zuwa biyar. Za ka ga jan tsatsa ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, alamar ya kama ke nan. Idan aka zuba da kauri lokaci guda, ɓawo yake yi ya zube. Bayan kwana biyu sai jan fentin hana tsatsa da masu walda ke fara shafa wa ƙofa, shafi biyu, sannan baƙin fentin mai shafi biyu, kowanne siriri don kada ya cike rubutu.

Wannan duk na ƙarfe ne. Ta tagulla ba a yi mata fenti, ba a kuma goge ta da lemun tsami da toka kamar tukunya. Koren nan mai duhu, mai santsi, shi ne rigarta. A wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi, ta bushe, a shafa kakin goge ƙarfe siriri sau ɗaya a shekara. Wanda ake tsoro shi ne kore mai haske da ke fitowa ɗigo-ɗigo kamar gari, ana sharewa yana dawowa. Gishiri ne ke cin ta daga ciki, wannan sai masu gyaran kayan tarihi.

Mazauninta ginshiƙi biyu ne na kankare, tsayin santimita 30 ko fiye, a kan kowanne a ɗora katakon ƙirya ko maɗaci da aka fafe daidai cikinta, don gara ba ta cika damunsu ba. Tsakanin katako da igwa a shimfiɗa robar jarka. Kada a sa robar taya ƙarƙashin tagulla, akwai farar wuta a cikinta. A ɗan sunkuyar da bakin ƙasa, kamar yatsa biyu zuwa uku, don ruwa ya riƙa fita. Masu ɗaga baki sama don ta yi kwarjini tulu suke mai da ita. A toshe baki da katako mai 'yar kafa ta ƙasa don iska, kafar wuta kuma da kakin zuma. Wajen ɗagawa a yi amfani da majanyin nailan biyu da aka rubuta nauyin da suke ɗauka, ɗaya gaban kututturen gefe ɗaya bayansu. Sarƙa tana gutsure ƙarfen zubi, ƙullin gindin nan kuma yana iya ɓallewa idan aka rataye nauyin a kansa.

Tambaya: Sana'ata sayen tsofaffin ƙarafa. Idan aka kawo mini igwa ko harsashinta a kilo, halal ne a doka in saya?
Ɗan gwangwan, Panteka

Amsa: Alhaji, kada ka ɗora ta a sikeli. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba takardar izini. Dokar makamai ma ta sa atilare cikin haramtattun makamai. Yawancin igogin duniya a tukunyar narka ƙarfe suka ƙare, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi ta tara ƙarafa, shi ya sa 'yan da suka rage suke da tsada a wurin masu tarihi fiye da kuɗin kilonsu nesa ba kusa ba. Ka riƙe sunan wanda ya kawo da inda ya ce ya samo, ka ɗauki hoto, ka kai rahoto Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu da kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Harsashi kuwa maganar rai ce. Dunƙulallen ƙwallon ƙarfe mara kafa ba ya fashewa, amma idan akwai kafa ko toshi a jikinsa, cikinsa albarushi ne. Mai siffar kwalba da tsinin kai shi ne mafi haɗari. Za ka ga zoben jan ƙarfe kusa da gindinsa, kuma wannan zoben ne ke ruɗar yara su sa guduma da kurfi. Idan zoben yana da zane-zanen tsaga, an riga an harba shi bai tashi ba, kunamarsa a ɗane take, motsi kaɗan ya ishe shi. A Faransa da Beljiyam har yau manoma suna tono na yaƙin 1914 zuwa 1918 kowace shekara, sojoji ne ke zuwa su kwashe. Kada a ɗaga shi, kada a jefa shi a ruwa ko a wuta, kada a kusanto da gas ɗin yanka ƙarfe. A kewaye wurin da igiya, a janye mutane aƙalla mita 100, fiye ma idan da hali, a kashe duk wutar walda da ke kusa, mutum ɗaya ya tsaya daga nesa yana hana shiga har masu kwance bam su iso.